A Ɗanɗana Miya Tun Tana Kan Wuta: Yadda Ya Kamata Mu Riƙa Gina Kwasa-kwasan Intanet

Shekaru kaɗan da suka wuce na kasance cikin wata tawaga da aka ɗora wa aikin shirya kwas na intanet domin ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara. Wata tara muka yi muna aiki ba ji ba gani. Mun zauna da likitoci, mun rubuta darussa goma sha biyu, mun ɗauki bidiyo da kyamara mai tsada, mun sa an zana hotuna masu ɗaukar ido. Ranar ƙaddamarwa zauren otel ya cika, manyan baƙi suka yi jawabi, aka yi tafi, aka ci abinci aka watse. Na koma gida zuciyata fari tas, ina ganin mun sauke nauyin da aka ɗora mana.

Bayan kamar wata biyu tafiya ta kai ni ɗaya daga cikin asibitocin da muka yi aikin dominsu. Na tarar da malamar asibitin a kan benci a baranda, ta sallami mata masu awon ciki ke nan, tana cike rajista. Da muka gaisa na tambaye ta ko ta fara kwas ɗin. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ciro wayarta daga jaka, ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, ta latsa ta miƙo mini. Wata 'yar da'ira ce take ta juyawa a tsakiyar wayar, ba ta gaba ba ta baya. Ta ce, "Malam, ka ga inda nake tsayawa kullum. Sau uku ina sa data, kafin bidiyon farko ya buɗe ta ƙare. Abokiyar aikina kuwa ko shiga ba ta yi ba, an ce sai da imel, ita kuma ba ta da shi." Na ce, "Malama, me ya hana ki sanar da mu?" Ta ce, "Wa zan sanar wa? Ai ba wanda ya tambaye mu."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk matsalolin da ta lissafa, da mun kai mata darasi ɗaya tak tun a makon farko, da mun gano su kafin la'asar. Wata tara muna dafa miya ba mu ɗanɗana ba, sai da aka zuba wa baƙi muka ji babu gishiri. A lokacin kuɗi ya ƙare, kwangila ta rufe, tawaga ta watse, maganar gyara ta zama ihu bayan hari. Tun daga ranar na riƙi ra'ayin da nake son karewa a wannan shafi: duk mai shirya kwas na intanet ya gina shi kaɗan-kaɗan, ya riƙa kai kowane yanki gaban masu koyo na gaskiya tun yana ɗanye, ya gyara, sannan ya ƙara gaba. Masu ƙera manhajar kwamfuta suna kiran wannan salo ajail, kalmar da ke nufin zafin nama da saurin juyawa. Ni ina kiransa aikin gaɓa-gaɓa, kamar yadda ake shan rake.

Hanyar da muka bi a wancan aiki ba mu muka ƙirƙiro ta ba, tana da asali kuma tana da daraja. A 1975 masana a Jami'ar Jihar Florida ta Amurka suka tsara wa rundunar sojan ƙasar wata hanya ta shirya horo, wadda daga baya ta shahara da sunan ADDIE. Matakanta biyar ne: a binciki buƙata, a tsara, a gina, a gabatar, a auna sakamako. Kowane mataki a kan kansa daidai ne. Matsala tana shigowa idan aka bi su a jere kamar matakalar bene, ba a taka na biyu sai an gama da na farko, kuma ba a komawa baya. A irin wannan tafiya mai koyo ba ya ganin komai sai a mataki na huɗu, awo kuma sai a na biyar, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Soja yana cikin bariki, malaminsa yana tsaye a kansa, kayan aikin da ake koya masa kuma an san su ciki da waje. Mai koyo ta waya a ƙauye ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Masu ƙera manhajar kwamfuta sun riga mu shan wannan wuya. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta kashe kimanin dala miliyan 170 wajen gina wata manhajar adana bayanan shari'o'i, aka rubuta tulin takardu na yadda za ta kasance, aka shafe shekaru ana gini, amma a 2005 aka yi watsi da ita domin ba ta aikatuwa. Aka fara wata sabuwa mai suna Sentinel a 2006, ita ma ta fara tafiyar hawainiya tana cin kuɗi. A 2010 hukumar ta karɓe aikin, ta rage yawan ma'aikata, ta koma gina shi yanki-yanki, ana nuna abin da aka yi bayan kowane mako biyu. A 2012 manhajar ta fara aiki. Hukuma ɗaya, buƙata ɗaya, abin da ya sauya shi ne lokacin da masu amfani da kayan suka fara ganinsu.

Irin wannan asara da ta yi ta maimaituwa a kamfanoni ita ta sa a watan Fabrairun 2001 mutum 17 daga cikin masu wannan sana'a suka haɗu a wani wurin shaƙatawa mai suna Snowbird a jihar Yuta, suka fitar da gajeriyar sanarwa mai ginshiƙai huɗu da ƙa'idoji 12. Ma'anar ginshiƙan a taƙaice: mutane da fahimtar juna sun fi tsari da kayan aiki muhimmanci, abin da yake aiki ya fi tulin takardu, tafiya tare da mai kaya ta fi jayayya a kan kwangila, bin sauyin yanayi ya fi nacewa a kan tsarin da aka zana tun farko. Ba su ce a jefar da takardu ko kwangila ba, sun dai bayyana wanda za a fifita idan biyun suka yi karo.

Dabarun da ake aiwatar da wannan ra'ayi da su sun girmi sanarwar. A 1986 malaman jami'a biyu 'yan Japan, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka nazarci yadda kamfanoni irin su Honda da Canon suke ƙera sababbin kaya, suka kwatanta tawagoginsu da 'yan wasan ragbi masu tafiya tare suna miƙa wa juna ƙwallo. Daga nan Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka ɗauko sunan Scrum, tsarin da suka gabatar a 1995, wanda yake raba aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata guda ba. Kanban kuwa daga masana'antar motoci ta Toyota ya fito, a hannun Taiichi Ohno, kuma kalmar tana nufin allo ko katin sanarwa. A fagen koyarwa, Michael Allen ya wallafa littafi a 2012 yana kira ga masu tsara horo su bar bin ADDIE a jere su koma wani tsari da ya kira SAM, inda ake farawa da ɗanyen samfuri, a gwada, a gyara, a sake gwadawa, har a kusanci abin da ake nema.

Da aka sake damƙa mini irin wannan aiki, wannan karon domin malaman firamare masu koyar da karatu a ƙananan azuzuwa, na roƙi abokan aikina mu sauya hanya. Mu shida ne: mai rubuta darasi, tsohuwar malama da ta shekara da shekaru a aji, mai ɗaukar sauti da hoto, mai kula da manhajar kwamfuta, wakilin masu aikin, sai ni. Abu na farko da muka yi shi ne jerin aiki, kuma ba mu rubuta shi da sunan babi ɗaya, babi biyu ba. Kowane layi buƙatar malami ce: malamin aji biyu yana son ya gane yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, malama mai yara fiye da yadda benci zai ɗauka tana son hanyar da kowa zai yi karatu da baki kafin a tashi. Wakilin masu aikin shi ya jera su, mafi muhimmanci a sama. Muka ɗauki na sama kaɗai, muka ba kanmu zangon mako biyu.

A ƙarshen zangon abin da muka samu ba abin nunawa a otel ba ne. Sautin murya ne na minti huɗu da aka ɗauka da waya, da hoto ɗaya, da tambayoyi uku. Muka tura wa malamai biyar ta WhatsApp, ni kuma na je na zauna kusa da ɗaya daga cikinsu a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, na ƙudura cewa ba zan taɓa wayarsa ba, ba kuma zan yi masa bayani ba. Ya saurari minti ɗaya na farko, inda muka cika gaisuwa da gabatar da manufa, sai na ga babban yatsansa yana jan sautin gaba. Da ya zo kan misalin da muka bayar ya tsayar, ya ce, "Yallaɓai, wannan ajin naku yara nawa ne a ciki? Ni idan na ce kowa ya fito allo ɗaya bayan ɗaya, har a tashi ban kai rabi ba." Tambaya ta biyu kuma ya amsa ta ba daidai ba, alhali ya san amsar sarai. Kalmar da muka yi amfani da ita ce ba ita malamai suke faɗa a tsakaninsu ba.

Gyara uku ke nan a zama ɗaya: a yanke doguwar gabatarwa, a sauya misali ya dace da cunkoson aji, a yi magana da harshen malamai. Da mun gina darussa ashirin a kan wancan salo, da kuskuren ya shiga ashirin ɗin duka. Wani zai ce mutum biyar sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Masanin nan na sauƙin amfani da shafukan intanet, Jakob Nielsen, ya bayyana tun a 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi, kuma gwaji ƙanana sau da yawa ya fi babban gwaji sau ɗaya amfani. Mutum biyar ba za su gaya maka ko kwas ɗinka ya ɗaga karatun yaran jiha ba, wannan yana buƙatar awo na daban. Amma za su nuna maka ƙofar da take makalewa tun kafin dubu su taru a bakinta.

A bangon ofishinmu muka kafa allo mai gida uku: abin da yake jira, abin da ake yi, abin da aka gama. Kowane aiki yana kan 'yar takarda, ana ɗaga ta daga gida zuwa gida. Muka sa wa kanmu doka cewa gidan tsakiya ba zai ɗauki fiye da takarda uku ba, domin taura biyu ba ta taunuwa. Kowace safiya mukan tsaya a gaban allon na minti 15, a tsaye, kowa ya faɗi inda ya kwana da abin da ya tare masa hanya. Muka kuma yi yarjejeniya a kan ma'anar an gama: darasi bai gamu ba sai malami na gaskiya ya buɗe shi a ƙaramar waya, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, ya kai ƙarshe, ya gwada abin a ajinsa. A ƙarshen kowane zango mukan zauna waiwaye, wanda Hausawa suka ce adon tafiya ne, mu tambayi kanmu me ya yi kyau, me ya ba mu wahala, wane abu ɗaya za mu sauya a zango mai zuwa.

Dalilin da ya sa wannan salo ya fi zama dole ga karatun intanet a bayyane yake. Malamin da yake tsaye a gaban aji yana ɗanɗana miyarsa kowane minti. Yana ganin fuskar da ta yamutse, yana jin shirun da ya yi yawa, sai ya koma baya ya sake bayani da wani misali. Kwas na intanet ba shi da ido. Mai koyo idan ya gaji ba ya ɗaga hannu, rufe waya yake yi ya tafi, ba sallama. A watan Janairun 2019 mujallar Science ta buga nazarin da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka yi a kan kwasa-kwasan da jami'o'in MIT da Harvard suka sa a dandalin edX. Sun gano fiye da rabin waɗanda suka yi rajista ko leƙa darasi ba su yi ba, waɗanda suka kammala kuwa a zangon karatu na 2017 zuwa 2018 kashi 3 ne da ɗan ɗori cikin 100. Gaskiya ne da yawa daga cikinsu leƙe kawai ya kawo su, ba da niyyar gamawa suka shiga ba. Duk da haka, idan manyan jami'o'in duniya da kuɗinsu da ƙwararrunsu suna fama da riƙe mai koyo, ba mu da hujjar ɗauka cewa namu zai zauna don kawai mun yi bikin ƙaddamarwa.

A nan gida Najeriya kuma ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafar mai shirya kwas. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Kwas ɗin da aka tsara da dogayen bidiyo kafin wannan rana ya wayi gari ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa da aka yi shi dominsu. A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu. Duk wanda ya shafe shekarar da ta gabaci haka yana gina cikakken kwas na haraji ga 'yan kasuwa, sai ya koma ya warware saƙarsa. Mai aikin gaɓa-gaɓa idan irin wannan ta faru, jerin aikinsa yake ɗaukowa ya sake jera shi, zango mai zuwa ya fara da abin da ya sauya. Wanda ya ƙulle kansa da tsarin shekara guda kuwa, ko dai ya kai wa mutane tsohon zance, ko ya koma neman sabon kasafi.

Kuma bai kamata wannan tunani ya zame mana baƙo ba. A makarantar allo malam ba ya rubuta wa almajiri izu guda rana ɗaya. 'Yan layuka yake ba shi gwargwadon ƙarfinsa, yaro ya karanta, ya zo ya biya, malam ya ji inda harshensa yake tuntuɓe ya gyara, sai an tabbatar ya riƙe sannan a wanke allo a ƙara gaba. Manomin da aka kawo wa sabon iri ba ya zuba shi a gonarsa duka, gefe guda yake ware masa ya ga yadda zai yi da ƙasarsa da ruwan shekarar. Maginin ƙasa yakan jera tubali 'yan sahu, ya bari su sha iska, ya dawo ya duba kafin ya ɗora. Hikimar tana hannunmu tun kaka da kakanni. Sai mun shiga ofis an ba mu kasafi da wa'adi muke mantawa da ita.

Akwai masu suka, kuma wasu maganganunsu suna da nauyi. Na farko suna cewa wannan salo mafaka ce ga wanda ba ya son tsari, a fara aiki ba a san inda aka dosa ba. Na ga inda aka yi hakan, kuma ɓarna ce. Fatake suna tafiya zango-zango, amma madugu ya san garin da za a sauke kaya tun kafin a ɗaura wa jaki mangala. Kafin zangon farko dole a amsa tambaya ɗaya a rubuce: idan mutum ya gama wannan kwas, me zai iya yi da hannunsa wanda da bai iya ba? Wannan manufa ba ta sauyawa kowane mako. Hanyar kaiwa gare ta ce take sauyawa. Haka nan kwas ɗin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ko wata hukumar ƙwararru ta gindaya wa manhajar karatu, ba a taɓa abin da aka wajabta koyarwa. Tsawon darasi, misalai, harshe, nau'in tambayoyi da nauyin bidiyo, duk waɗannan fili ne mai faɗi na gwaji da gyara.

Na biyu suna cewa bai dace a mai da masu koyo abin gwaji ba, musamman a fannin lafiya. Wannan gaskiya ce da ba ta da ja. Adadin maganin da za a ba yaro, ko alamomin da za su sa a garzaya da mai naƙuda babban asibiti, ba a fitar da su da niyyar a gyara daga baya. Ƙwararre ya duba ya sa hannu kafin kowa ya gani, ko da mutum biyar ne. Abin da ake kaiwa ɗanye shi ne kwanon da aka zubo ilimin a ciki, ilimin kansa sai ya nuna. Waɗanda aka gwada da su kuma a gaya musu gwaji ne, a nemi yardarsu, a biya musu kuɗin data, a kiyaye bayanansu kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada.

Babban cikas a wurinmu, a ganina, yana cikin takardar kwangila. Yawancin waɗanda na gani suna lissafa darussa kaza, bidiyo na minti kaza, a miƙa ranar kaza, a biya. Da zarar an miƙa, an rufe littafi. Ba a ware ko sisi domin gyara bayan mutane sun fara amfani da kwas, alhali a lokacin ne ainihin matsaloli suke fitowa. Ɗan kwangilar da ya gano cewa sauti ya fi bidiyo amfani ga malaman karkara ba zai iya sauyawa ba, domin bidiyo aka rubuta, bidiyo mai binciken kuɗi zai nema. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 an yi ta ne domin kare dukiyar jama'a, kuma manufa ce mai kyau. Kare dukiyar jama'a ya haɗa da tabbatar da cewa abin da aka saya yana amfanar jama'ar. Ana iya rubuta kwangila zango-zango, a biya bayan kowane yanki ya shiga hannun masu koyo an ga shaidar sun yi amfani da shi, a kuma ajiye wani kaso na kuɗin domin gyaran watannin farko.

Cikas na biyu yana cikin zukatanmu. Muna jin kunyar nuna aikin da bai kammala ba, musamman a gaban na gaba da mu. Ƙaramin ma'aikaci yakan ga kuskure ya haɗiye, domin oga ne ya kawo shawarar. A masana'antar Toyota an san wata igiya da kowane lebura yake da ikon ja idan ya ga matsala, layin ƙera motoci ya dakata har a duba. Taron tsaye da zaman waiwaye ba su da wani amfani idan babu irin wannan igiya a hannun mafi ƙanƙanta a tawaga. Na ga ofisoshin da suka kafa allo, suka manna takardu masu launi, suna tsayuwar safe, amma har yanzu mutum ɗaya ne yake magana, kuma ba wanda ya taɓa zama kusa da mai koyo. An yi tuya an manta da albasa. Ladabi ga manya tarbiyyarmu ce kuma abin riƙewa ne. Shugaban da ya san ciwon aikinsa shi zai buɗe ƙofa da kansa, ya ce wa yaransa su faɗa masa inda ɗaki yake yoyo, ya kuma gode wa wanda ya faɗa. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Maganar ta wuce ta ofis ɗaya ko kwangila ɗaya, domin ƙasar nan ta riga ta ɗora buri mai yawa a kan karatu daga nesa. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana wannan aiki tun 1976. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wadda aka kafa a 1983 aka dakatar a 1984 sannan aka farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Obasanjo, tana da ɗalibai a kowane lungu. Rufe makarantu da annobar korona ta jawo a 2020 ya tura kowa neman mafita a waya da rediyo. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin karatu na Nigeria Learning Passport, a ƙarshen 2023 kuma aka fara shirin 3MTT mai burin horar da mutum miliyan 3 a fasahar zamani. Bankuna, asibitoci da ƙungiyoyin agaji duk suna mayar da horon ma'aikatansu kan waya. Kuɗi mai yawa da lokacin miliyoyin mutane ne za su bi ta wannan hanya, don haka yadda ake gina darussan ya shafi kowa.

Roƙona ga duk mai riƙe da irin wannan aiki, ko shugaban sashe ne ko mai ba da tallafi, abu ne da ba ya buƙatar sabon kasafi. Kafin wata guda ya cika da fara aiki, a fitar da darasi ɗaya, komai rashin kyansa, a kai shi hannun mutum biyar daga cikin waɗanda aka yi shi dominsu. A zaɓo masu ƙaramar waya da raunin sabis, kada a tsaya kan 'yan birni masu kwamfuta. Shugaban aikin da kansa ya je ya zauna ya kalla, domin zuwa da kai ya fi aike. A sa a cikin kowane darasi hanyar da mai koyo zai yi ƙorafi da muryarsa, da harshensa, a kuma sa mutum mai suna wanda aikinsa shi ne saurare. Idan aka zo bayar da rahoto, a rage ƙidayar waɗanda suka yi rajista, a faɗi nawa suka kai ƙarshe, a wane darasi aka fi zubewa, me aka yi a kai.

Ban sake haɗuwa da malamar asibitin nan ba, kuma kwas ɗin da muka yi mata bai taɓa gyaruwa ba. Ilimin da yake ciki ingantacce ne, likitoci sun tantance shi, wataƙila da ya taimaka mata wata rana da dare a kan wata mai naƙuda. Yana nan a ajiye a bayan da'irar da take juyawa. Duk lokacin da na fara sabon aiki, kafin in rubuta layin farko, nakan tuna da ita a kan bencin nan da rajista a cinyarta, sai in tambayi abokan aikina rana nawa ta rage mu kai wa irinta darasin farko mu ji ta bakinta.